Tulif, Furen Da Ke Kwana Cikin Albasa

A Turai akwai wata 'yar ƙasa ana ce da ita Holan. Tana bakin teku, yamma da Jamus, arewa da Beljiyam. Girmanta duka bai kai na Jihar Kaduna ba. Shimfiɗe take kamar faifai, har wani sashinta yana ƙasa da teku, sai da mutanenta suka yi manyan ganuwoyi suka tare ruwa, sa'an nan suka sami wurin zama da na noma.

Mutanen Holan suna noman alkama da dankali, suna kiwon shanu. Amma abin da aka fi saninsu da shi a duniya, wani abu ne wanda ba don ci ake nomansa ba, ba kuma don saƙa ba. Fure ne. Turawa suna sayen fure a kasuwa kamar yadda mu ke sayen turare. Su kai gida, su zuba ruwa cikin kwalba mai faɗin baki, su tsoma shi, su ajiye bisa tebur don kallo. Su kan kai wa mara lafiya, su kan kai gidan biki. Lokacin sanyinsu yana da tsawo, rana ba ta daɗewa a sama, itatuwa duk sun kaɗe ganye. Saboda haka mutum ya kan so ya ga wani abu mai launi cikin ɗakinsa.

Cikin furannin da suke nomawa akwai wani da ake kira tulif. Tsawonsa kamar kamu guda ne. Yana da ganye uku ko huɗu masu faɗi, da kara ɗaya miƙaƙƙe, a kan karan kuwa fure ɗaya mai siffar ɗan ƙoƙo, falle shida. Akwai ja, akwai fari, akwai rawaya, da ruwan goro, da ruwan hoda, da shunayya mai duhu har ta kusa zama baƙi. Shuɗi ne kaɗai har yanzu ba a samu ba.

Kafin mu ci gaba, ku nemi albasa guda a gida. Ku roƙi wani babba ya tsaga muku ita biyu, daga sama zuwa gindi. Za ku ga ɓawo bisa ɓawo, kowanne ya rungumi ɗan'uwansa, a can tsakiya kuma ga ɗan toho kwance. A gindi akwai wani ɗan faifai mai tauri inda saiwa ke fitowa. To, tulif ma daga irin wannan abu yake fitowa. Albasarsa ba ta fi ƙwan zabuwa girma ba, tana da ɓawo ja-ja mai santsi. Ɓawon nan na ciki masu kauri rumbu ne, abinci ne aka tara. Tohon tsakiya kuwa shi ne ganyen da furen da za su fito baɗi. Tun albasar tana cikin buhu, furen ya riga ya kammala, da fallayensa shida, sai dai ƙanƙane ƙwarai, yana barci.

Amma fa kada kama ta ruɗe ku, wannan ba albasar miya ba ce. Tana sa ciwon ciki, ma'aikatan da ke yawan taɓa ta kuma hannunsu ya kan yi ƙaiƙayi ya tsattsage. Sai a lokacin yunwar da aka yi a Holan cikin sanyin 1944 zuwa 1945, ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, mutane suka dafa ta suka ci, don ba su da wani abu.

Asalin tulif ba Holan ba ne. A kan duwatsun tsakiyar Asiya yake fitowa da kansa, wajen Kazakistan da maƙwabtanta. Daga can ya iso lambunan sarakunan Turkiyya a Santambul. Sunansa ma na Turai daga kalmar Turkawa ta rawani aka samo shi. A shekarar 1593 wani masanin tsirrai mai suna Carolus Clusius ya zo jami'ar garin Laidin a Holan, ya dasa albasar tulif a lambun jami'ar, ta yi fure a 1594. Ba a daɗe ba mutane suka haukace a kanta. Aka riƙa sayen albasa tana cikin ƙasa, ba a gan ta ba, wannan ya sayar wa wancan, kuɗi yana ta hawa, har aka yi ta ba da labarin albasa guda da aka sa wa kuɗin da zai sayi gida a birnin Amstadam. A watan Fabrairu na 1637 masu saye suka janye, ciniki ya rushe cikin 'yan kwanaki.

Abin dariya a nan shi ne, furen da suka fi tsadantawa, mai zane-zanen ja da fari kamar harshen wuta, mara lafiya ne. Wata cuta ce ke ɓata launinsa haka, wadda wasu ƙananan ƙwari masu tsotsar ruwan ganye ke ɗauka daga wannan tsiro zuwa wancan. Ba a gane haka ba sai a ƙarni na 20. Yau in manomi ya ga irinsa cikin gonarsa, tumɓuke shi yake yi.

To, yaya furen nan ke zuwa kasuwa? Manoma iri biyu ne ke aikin. Na fari yana noman albasar a gona. Na biyu yana sayen albasar, ya ta da furen da ke cikinta, ya yanka ya sayar. Wani gida ya kan haɗa duka biyu, amma aikin kowanne dabam ne. Bari mu fara da na gona.

Tulif ba ya son ƙasar da ruwa ke kwanciya. Tun dā a kan rairayin bayan tuddan bakin teku ake nomansa, tsakanin garin Harlem da Laidin. Yanzu ya yaɗu zuwa arewacin ƙasar, har da wani fili wanda dā ƙarƙashin teku yake, aka janye ruwansa ya bushe a 1942. Inda ƙasa ke da laka, sai a shimfiɗa raga, a zuba albasa, a rufe da wata ragar, a mai da ƙasa. Ranar haƙa, inji ya ja ragar kurum, albasa ta biyo ta.

Ana dasawa daga Oktoba zuwa farkon Disamba, lokacin da sanyi ke shigowa. Albasa ta yi saiwa, ta kwanta shiru ƙarƙashin ƙasa. Wajen Fabrairu ko Maris toho ya leƙo. A Afrilu gonaki su yi fure gaba ɗaya, kunya-kunya, nan ja, can rawaya, can fari, iyakar ganinka, kamar an shanya turamen atamfa. Baƙi su kan zo daga ƙasashe masu nisa don kallo. A garin Lise akwai wani lambu mai suna Keukenhof, wanda aka buɗe a 1950, inda ake dasa albasar fure kamar miliyan 7 kowace shekara, ana buɗe shi kamar mako takwas kaɗai.

Ga abin da zai ba ku mamaki. Da gonar ta yi kyan nan, sai manomi ya shigo da inji ya sare kawunan furen duka, su zube cikin kwari tsakanin kunyoyi. Ba hauka ba ne. Shi albasa yake nema. In ya bar furen, zai yi 'ya'ya, ya shanye abincin da ganye ke haɗawa. In ya sare shi, abincin duka sai ya gangara ƙasa, albasa ta yi ƙiba. Mai noman albasar miya ma ba ya son tasa ta yi fure, in ba iri yake nema ba. Dalilin da ya sa ya bari furen ya buɗe tukuna kuwa, don ya duba ne. Mutane su kan bi kunyoyi a hankali suna neman tsiron da ya kamu da cuta, ko wanda launinsa ya saɓa da na sauran, su cire shi. Aiki ne mai gajiyar da ido da baya. A 'yan shekarun nan an fara sa wani inji mai kyamara ya taya su.

A Yuni da Yuli ganye ya bushe, sai haƙa. Wanda ya tona zai tarar albasar da aka dasa ta ƙare, sai ɓawonta. A madadinta ga 'ya'yanta, babba ɗaya, da ƙanana biyu ko uku manne da gindinta. A busar da su, a ɓamɓare tsohuwar saiwa, a raba su, sa'an nan a tankaɗe su bisa faranti mai huji-huji don a ware manya da ƙanana. Kewayen cikin albasa ake aunawa. Wadda ta kai santimita 12 ko fiye ita ce ta ɗaya, sai mai 11, sai mai 10. Waɗannan su ne na sayarwa. Ƙananan kuwa iri ne, a ajiye su a mai da su gona a Oktoba, su ƙara girma. Ba a maimaita tulif a gona ɗaya shekara bisa shekara, don cuta ta kan zauna cikin ƙasa. Sai a bar gonar ga ciyawar shanu ko wani amfani kamar shekara shida. Saboda haka manoma da yawa hayar gona suke yi, bana nan, baɗi can.

Me ya sa ba a shuka ƙwayar iri, kamar gero? Domin tsiron da ya fito daga ƙwaya sai ya shekara biyar ko fiye kafin ya yi fure na fari, kuma ba lalle ya yi kama da uwarsa ba. 'Yar albasa kuwa ba ta saɓa wa uwarta ko kaɗan. Masu neman sabon launi kaɗai ke wahala da ƙwaya, su ma kafin sabon irin ya yawaita har ya isa kasuwa, a kan yi shekara ashirin.

Yanzu sai mu koma ga manomi na biyu, mai ta da fure. Shi arzikinsa duka yana rataye ga albasar da ya saya. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ba shi da ikon ƙara wa furen komai wanda babu shi cikin albasa. In ya sayi ƙarama, zai sami siririn kara da ɗan fure. In ya sayi mai cuta, ya yi asarar kuɗinsa da na wutar da ya ɗumama ɗaki da ita. Saboda haka tun kafin a haƙa, ya kan ƙulla ciniki da mai gona, ko ta hannun dillali, a rubuta irin da yake so, da girmansa, da yawansa. Akwai kuma hukumar da ke duba gonaki da albasa, ta ba da shaidar lafiyarsu. Duk da haka sama ce ke da hukunci na ƙarshe. A 2023 ruwa ya yi yawa ƙwarai a Holan daidai lokacin dashe, gonaki suka jiƙe, albasa ta yi ƙaranci, ta yi tsada.

Ajiyar albasa ma sai da lura. Akwai wata cuta mai ruɓar da ita, ta sa ta wari mai tsami. Ruɓaɓɓiyar albasa tana fitar da wata iska wadda ido ba ya gani, irin wadda nunanniyar ayaba ke fitarwa ta nunar da ɗanyu na kusa da ita. Iskar nan tana kashe ɗan furen da ke cikin lafiyayyun albasa. Don haka ake tsince ruɓaɓɓu, a bar iska mai kyau tana ratsa ɗakin ajiya dare da rana, ba a kuma haɗa albasar tulif da 'ya'yan itace wuri ɗaya.

Da farko ana ajiye ta cikin ɗumi, wajen digiri 20 a ma'aunin zafi. Cikin makonnin nan ne furen ke haɗuwa a ciki. Lokaci lokaci sai a ɗauki 'yan kaɗan a tsaga, a duba da madubin ƙara girma. In aka ga dukan gaɓoɓin furen sun cika, to, an iya shiga mataki na gaba. In aka yi gaggawa, sai a sami ganye ba fure.

Matakin nan shi ne sanyi, shi ne kuma asirin sana'ar duka. Ku tuna inda tulif ya fito. A duwatsun nan rani yana da zafi da fari, sanyi kuma yana da tsanani, har ƙanƙara ta rufe ƙasa. In tsiro ya fito kafin sanyi, zai mutu. Saboda haka Allah ya yi albasar nan ba ta miƙa kara sai ta sha sanyi mai tsawo, sa'an nan ɗumi ya biyo baya. Cikin sanyin ne garin da ta tara ke juyewa ya zama zaƙi, wanda kara zai sha ya yi tsawo. Da mutanen Holan suka gane haka, sai suka ce, ai ba sai mun jira lokacin sanyi ba, mu yi namu. Suka gina ɗakuna kamar manyan firji. A sa albasa a digiri 9, a sauko zuwa 5, har zuwa 2. Ku sani a digiri 0 ruwa ke daskarewa. Tana zama kamar mako 15, wani iri ya fi haka, wani bai kai ba. In sanyi ya gaza, kara ya fito gajere, fure ya maƙale cikin ganye. In ya yi yawa, kara ya yi tsawo ba ƙarfi, ya riƙa langaɓewa. Mai sana'a kullum yana tare da kalanda. Ya zaɓi ranar da yake so ya sayar, ya ƙidaya makonni da baya, ya san ranar da kowane akwati zai shiga sanyi.

Wannan ne ya sa tulif ba ya zama a ƙasarmu. Sanyin hunturunmu na dare da asuba ne, da hantsi ya yi sai ya tafi. Ƙasa ba ta yin sanyin da albasar ke bukata, balle ta riƙe shi wata uku da rabi.

Gab da cikar kwanakin sanyi sai a dasa. Dā cikin akwatunan ƙasa ake yi. Yanzu yawancin masu sana'a ba sa amfani da ƙasa sam. Suna da farantan roba masu ƙananan tsinke a ciki. A kafa albasa bisa tsinken, a zuba ruwa har ya taɓa gindinta kurum. A bar ta cikin sanyi mako biyu ko uku ta yi fararen saiwa. Daga nan a kai farantan ɗakin gilashi, watau babbar rumfa wadda bangonta da rufinta duk gilashi ne, haske yana shiga, sanyin waje ba ya shiga. Ana ɗumama ta zuwa digiri 16 ko 18. Albasa ta ji ɗumi, ta ɗauka lokacinta ya yi. Cikin kamar mako uku kara ya miƙe, kan fure ya fara nuna launi, alhali a waje ƙanƙara ce. Da an kwashe wannan rukuni sai wani ya shigo, haka haka tun daga Disamba har Afrilu. Ta wannan hanya Holan ke fitar da karan tulif fiye da miliyan dubu biyu kowace shekara.

Mai son ya riga kowa kai fure kasuwa a Disamba ya kan nemi albasar da aka noma a kudancin Faransa, inda take nuna da wuri. To, sauran watannin fa? Nan ma sun yi dabara. Duniya ƙwallo ce, lokacin da arewacinta ke sanyi, kudancinta zafi yake yi. Sai aka kai irin tulif Niyu Zilan da Chile ana nomawa can. Albasar can wajen Janairu ake haƙa ta, a sa ta a jirgin ruwa cikin akwatin sanyi, ta zo ta yi fure a Turai daga Satumba zuwa Nuwamba. Wasu kuma su kan daskarar da albasar da ta riga ta yi saiwa, kaɗan ƙasa da digiri 0, ta yi wata da watanni ba ta motsi, sai ran da ake bukata a narkar da ita.

Ba a jira fure ya buɗe kafin a cire shi. Da launi ya bayyana sai a tumɓuke tsiron duka da albasarsa. Inji ya yanke albasar, ya daidaita tsawon kara, ya ɗaure goma goma. Albasar nan ta gama aikinta, ta ba da duk abin da ke cikinta, sai a zubar a yi taki da ita. Baɗi sai a sayi sabuwa. Daman furen kuwa a tsoma su a ruwa cikin ɗakin sanyi, da dare mota ta ɗauka.

Babbar kasuwar fure tana garin Alsmir, kusa da filin jirgin saman Amstadam. Gwanjonsu ya saɓa da namu. Mu daga ƙasa ake farawa, ana taya sama. Su agogo ne, yana farawa daga kuɗi mai yawa yana saukowa da sauri. Wanda ya fara danna maɓalli shi ya saya, a kuɗin da agogo ya tsaya. In ka yi gaggawa ka saya da tsada, in ka yi jinkiri wani ya riga ka. Dā masu saye a babban zaure suke zama suna kallon agogon a bango, yanzu kowa yana gaban kwamfutarsa. Fure mai yawa kuma ba ya bi ta agogo, manyan kantuna suna saye kai tsaye daga manomi. Jamus ce ta fi kowace ƙasa sayen furen Holan. Ciniki ya fi zafi gab da 14 ga Fabrairu, da kuma 8 ga Maris, ranar mata ta duniya, wadda a gabashin Turai ake ba mata tulif. A Amstadam, ranar Asabar ta uku ga Janairu, manoma su kan jera tulif 200,000 a fili, kowa ya zo ya tsinka kyauta, alamar kakarsa ta kama.

Wanda ya saya ya kai gida, sai ya datse gindin kara kaɗan da wuƙa mai kaifi, ya tsoma cikin ruwa mai sanyi, ya ajiye nesa da wuta da kwanon 'ya'yan itace. Furen ya kan yi kamar mako guda. Da rana ko cikin ɗumi ya buɗe, da dare ya rufe. Ko da yake an raba shi da albasarsa, karan ba ya daina tsawo. Cikin 'yan kwanaki ya kan ƙaru da 'yan santimita, ya karkata wajen taga inda haske ke shigowa, sai mai ɗakin ya riƙa juya kwalbar don ya miƙe.